Firijin da Mama Ke Yi Wa Faɗa

'Yata ta aiko mini da sabon firiji a watan da ya wuce, dogo, mai ƙofa biyu, yana ƙyalli kamar motar manya. Tun ranar da aka jingina shi a kusurwar falo ban ji ya ce uffan ba. Sau uku sau huɗu a yini nakan tashi in buɗe shi in ga ko da ransa, in tarar fitilarsa na ci, ruwa ya yi sanyi har yana kama haƙori, in rufe in koma kujera da wani haushi da na rasa wanda zan ɗora wa. Da na yi mata ƙorafi a waya sai ta kwashe da dariya, ta ce ai shirun nan shi ne tsadarsa. Na sa mata albarka na kashe wayar. Ba laifinta ba ne. Lokacin da na'urori ke da baki a garin nan, ita tana fama da koyon ɗaura ɗankwali ne.

A shekarun da aka ba mu jiha, Jalingo ta cika ta batse. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Yola da sauran wurare, katifa a saman mota, tukwane a but, kowa na neman ɗaki. Ofisoshi kuwa, duk gidan da aka samu sai a kafa allo a ƙofa a ce ma'aikata ce. Ni a lokacin ina buga tafireta a ɗaya daga cikinsu, gidan wani ɗan kasuwa ne da aka mai da ɗakin uwargidansa ofishin Darakta. A bangon ɗakin aka fasa rami aka cusa tsohon esi mai sanyaya ɗaki, wani akwatin ƙarfe mai ruwan ƙasa, rabinsa a ciki, rabinsa a waje yana zubar da ruwa cikin bokiti, ɗis, ɗis. In an kunna shi sai ya yi shiru tukuna kamar yana shawara, sannan ya buga ƙwaram, tagogi su ɗauki rawa, ya kama gurnani irin na tirelar da ta ɗauko doya tana hawan tudu. Tun daga bakin titi mukan san ko Oga ya iso. Wanda ya makara, in ya ji gurnanin nan, sai ya zaga ta baya ya shigo da fayil a hannu kamar daga wani ofishin yake. Mai neman izini wurin Darakta kuwa sai ya ɗaga murya kamar mai kiran kwalekwale daga tsallaken kogi. Akwai wani akawunmu, dattijo mai kunya, da ya shiga neman hutun rashin lafiya. Darakta ya tambaye shi me ke damunsa, ya faɗa, bai ji ba. Ya sake faɗa, bai ji ba. A karo na uku ya tattaro duk ƙarfinsa, daidai lokacin aka ɗauke wuta, esi ya mutu tak, sai ga muryar bawan Allah ita kaɗai ta cika ofis har tsakar gida: "Basir ne, ranka ya daɗe!" Har ya yi ritaya ba wanda ya tayar masa da zancen, sai dai daga ranar duk inda ya shiga akwai mai miƙa masa kujera mai katifa. Na shiga ofisoshin yanzu wajen bin takardun fansho. Sanyi kamar cikin randa, ba ka san ta inda iskar ke fitowa ba, kowa da raɗa yake magana, ka yini a wurin ka fito ba ka ji sirrin kowa ba.

A gida kuwa, a unguwar Yelwa, muna da namu mai bakin. Maigidana malamin makaranta ne, ya sayo firijin a hannun wani ɗan sanda da aka yi wa canjin wurin aiki, shi ma ɗan sandan a hannun wani ya saya. Ƙofarsa ba ta kamawa sai an ɗaure da robar tayar keke. Kafin ya fara aiki sai ya yi tari sau biyu, ƙehem, ƙehem, irin na dattijon da zai yi magana a taron dangi. Sannan ya ja dogon nishi, kwalaben da ke ƙofarsa su shiga gaisawa da juna, ya zauna cikin wani gunaguni mai kauri wanda kake ji har a tafin ƙafarka. In zai huta, sai ya girgiza jikinsa gaba ɗaya kamar jakin da ya tashi daga birgima, kwanon da ke kansa ya yi tsalle, ya yi ajiyar zuciya. Maƙwabtan da ke bayan katangarmu ba sa duba ƙwan fitila. Da sun ji tarin nan sai ka ji mata na kiran juna, an kawo wuta, a jona dutsen guga. Kuma ba namu ne mu kaɗai ba. Kindirmon Dada, Bafulatanar da ke daura da mu, yana ciki, allurar wani mai ciwon suga na ciki, naman matar fasto na ciki, shi ya sa ruwan shanmu yake da ɗanɗanon unguwar gaba ɗaya. Ran Asabar nakan cire shi daga wuta in kankare ƙanƙarar da wuƙa, yara na tsaye da kofuna suna jiran ɓarɓashi, in goge shi da tsumma, in jera kwalaben zoɓo da kunun zaƙi, in mayar da shi wuta in jira ya yi tari kafin in yarda na gama aikin.

A haka aka kawo mana surukata, mahaifiyar maigida, wadda duk muke kira Mama. Daga wani ƙauye na bakin kogi take, can gaba da Lau. Cutar yana ce ta rufe mata ido biyu tun kafin a yi bikinmu, ba ta ganin kome sai haske da duhu. Aka ce akwai likitocin ido da ke zuwa garin sau ɗaya a shekara suna cire yana, an rubuta sunanta, amma sai ta zauna kusa na wasu watanni ana duba hawan jininta. Ranar da ta iso, da rana tsaka cikin zafin bazara, maigida na riƙe da hannunta. Ta sa ƙafa a falo ke nan firiji ya yi tarinsa. Mama ta tsaya cak, ta saki hannun ɗanta, ta fuskanci kusurwar da yake ta rusuna har ƙasa.

"Sannu, Baba. Mun same ku lafiya?"

Firiji ya ja dogon nishi.

"Ayya, sannu. Jiki ne? Allah ya kawo sauƙi."

Sai ta juyo ta rufe ɗanta da faɗa da yarensu, wai akwai babban mutum kwance ba lafiya a gidan, ba a gaya mata ba, da ta ƙaro kifi. Yara suka zube ƙasa da dariya. Ni na cusa bakin zanena a baki na yi kicin da gudu. Da maigida ya samu ya yi mata bayani, ba ta yi dariya ba. Ta ce a kai ta wurinsa. Ta shafa shi daga gefe zuwa gefe, ta ƙwanƙwasa, ta shinshina, sannan ta ce, "To. Ashe ƙarfe ne ya sa na durƙusa da tsufana. Ni da kai ne a gidan nan."

Ni daga kudancin jihar nake, ta wajen Wukari. Yarensu ban iya ba, nawa ba ta iya ba, sai Hausa ce ta haɗa mu, ita kuma Hausar Mama ta kasuwar kifi ce, namiji da mace duk "ya" ne a wurinta. Amarya take kirana, ga ni da 'ya'ya uku. Maganarta da ni a yini ba ta wuce "To", da "Ajiye", da "Gishiri ya yi yawa". Tsoronta nake ji, in faɗi gaskiya, irin tsoron da kake wa mutumin da ba ka san me yake tunani a kanka ba. Amma da firiji, sai ka rantse tare suka taso. In muna addu'ar safe ya yi tari, sai ta buɗe baki a tsakiyar addu'ar ta ce, "Jira, ba a kai Amin ba." In ya yi girgizarsa ta ce, "Faɗi mana, wa ya riƙe ka?" In matan zumuntar coci sun zo gaishe ta ya hau gunaguni, ta juya ta ce, "Kai, mutane yana magana! Ba kunya, ba tarbiyya." In aka ɗauke wuta ta ce ya tafi yawon banza, in aka dawo da ita ta ce, "Ka dawo? Ina ka kwana?" Kullum tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa wannan abu zai kashe ta kafin likita ya zo, ba ya barin mutum ya rintsa, ba ya barin mutum ya ji kansa. Mu biyu muna fita aiki da safe, yara na tafiya makaranta, a bar ta da shi har azahar ta gota. Sai na ga ai ga hanya ta samu. Abin da ke damun tsohuwar nan na sani, kuma yana da magani. In na raba ta da shi, ko ba ta ce na gode ba, wataƙila ta rage wa gishirina laifi. Na gaya wa maigida, ya ce, "Yana sanyi ko ba ya yi? To mene ne na taɓa shi?" Na ce shi bai san zuciyar mata ba.

Akwai wani mai gyaran firiji a unguwar Barade da kowa ke kira Injiniya, don shi ya rubuta hakan da fenti a ƙofar shagonsa. Mutum ne siriri mai tabarau, mai ji da sana'arsa, ba ya taɓa na'ura sai ya naɗe hannun riga sau uku daidai wa daida. Na kira shi ranar da maigida ya kai Mama asibiti awon jini. Ya tsaya ya saurari firijin ido rufe, ya girgiza kai ya ce, "Madam, wannan ai injin niƙa kuke kwana da shi." Ya jawo shi daga bango, ya canza robobi huɗu da injin ke zaune a kai, ya ɗaure faifan da ke tare ruwa a baya, ya sa guntun katako ƙarƙashin ƙafar da ta fi gajarta. Can ya sa hannu tsakanin bututun baya ya zaro ƙaramin cokalin shayi, ya ɗaga shi sama kamar likitan da ya ciro ƙaya. "Ga mai tarin naku." Shekara biyu ina neman cokalin nan. Ya goge shi ya miƙa mini, na wanke na jefa cikin 'yan'uwansa. Da ya mayar da firijin wuta sai da na kara kunnena a jikinsa kafin na ji wani ɗan zuu kamar sauro a ɗaki na gaba. Daɗi ya kama ni har na ba shi zoɓo kwalba biyu.

Mama ta dawo, aka zaunar da ita a kujerarta. Ta karkata kai ta yi jim.

"An ɗauke wuta?"

"Akwai wuta, Mama. Ba ki ji fanka ba?"

"To ina mutumin?"

Na matso da murmushi har kunne, na manta ba gani take ba. "Na sa an gyara miki shi, Mama. Daga yau za ki huta."

Ta juya fuska wajen kusurwar. Sannan ta ce, "To."

Washegari na dawo daga aiki na same ta a kujerar da na bar ta, abincin rana na rufe yadda na ajiye, kofin ruwa ba a taɓa ba. A ƙaurinta akwai ƙulu ya tashi, har fatar ta ɗan fashe. Na tambaye ta, ta ce ba kome. Rana ta biyu ma haka, ba ci, ba sha, ba faɗa. Gidan ya yi wani irin shiru da har ƙarar cokali a kwano sai ta ba ka kunya. Dada ta leƙo ta katanga tana tambaya ko firijinmu ya mutu ne ta zo ta kwashe nononta, maƙwabta kuma suka yini da wuta ba su sani ba, wata har ta hura gawayi ta yi guga. Rana ta uku da safe muka tashi muka tarar Mama ta ɗaure kayanta a zani, tana zaune a kai, sanda a hannu. Lau za ta. Saura mako biyu likitocin su iso, in ta tafi sai wata shekara, ga damina ta kawo kai, hanyar ƙauyensu in ruwa ya sauka ko babur ba ya shiga. Maigida ya durƙusa ya yi magiya da yarensu, ya koma Hausa, ya koma yarensu. Ta ce gida ne ke kiranta. Ya tambaye ta ko wani ya yi mata laifi, yana satar kallona. Ta ce ba wanda ya yi mata kome. Daga ƙarshe ya ce bari ya je makaranta ya nemi izinin raka ta, ya fita yana share zufa.

Ni ban je aiki ba. Na san in tsohuwar nan ta koma ƙauye da makanta, duk dangin mijina za su ce matar birni ce ta kore ta, kuma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Ƙulun ƙaurinta ne. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na ce, "Mama, don Allah ki gaya mini. Ni ce?"

"Ke ne," ta ce, ba ko kwana.

Ta juyo da fuskarta wajena.

"Amarya, ni ba ido. Kun fita, gida ya zama daji. Da, in mutumin ya yi tari, na san ga shi a hannun hagu, to ƙofa yana gabana, bayan gida yana dama. In tashi in je in dawo. In ya tafi yawo, in zauna in jira shi. Yanzu fa? Shekaranjiya na tashi, na nemi ƙofa, tebur ya buge ni. Na ce to, ba zan sha ruwa ba, kada ya dame ni."

Na ce, "Amma Mama, kullum kina cewa zai kashe ki."

"To da wa zan yi faɗa? Da ke? Ke in na ce gishiri, sai ki shiga kicin ki yi kuka, ina jin hancinki." Ta gyara zama a kan ƙullin kayan. "Baban mijinki taba ya cinye masa ƙirji. Shekara arba'in ina masa faɗa, bai taɓa ba ni amsa ba, sai ya yi ƙehem, ƙehem, ya ci gaba da ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Tun da ya mutu ban samu wanda ya iya jin faɗa kamarsa ba, sai wannan ƙarfe. Ke kuma kin kawo mutum ya yanke masa harshe."

Ban san lokacin da na ɗauki mayafi ba. Na tare ɗan acaɓa sai Barade. Na tarar da Injiniya da wasu abokansa a ƙofar shago suna cin gyaɗa. Ya ga fuskata ya miƙe.

"Madam, lafiya? Ya daina sanyi?"

"Yana sanyi."

"Ƙarar ta dawo?"

"Ita nake so ka dawo da ita."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na yi masa bayani a tsaye, abokansa suna ta shaƙewa da gyaɗa. Ya ce shi tun yana saurayi yake wannan aiki, an kira shi gidan alƙali, an kira shi gidan kwamishina, ba a taɓa kiransa ya ɓata abu ba. In labari ya bazu cewa firijin da ya taɓa yana tari, wa zai sake kawo masa aiki? Na ce masa tsohuwa ce makauniya, kwana uku ba ta sha ruwa ba. Ya shiga shago ya daɗe yana tone wani kwali, ya fito da tsofaffin robobinmu huɗu a tafin hannu, duk sun tsattsage. "Allah ya so ku ban zubar ba. Amma ki yi mini alkawari, in an tambaya, ba ni ba ne."

Maigida ya dawo da izininsa ya tarar da abin da bai yi zato ba. An jawo firiji tsakiyar falo, Injiniya na kwance a bayansa, Mama na zaune a kan ƙullin kayanta kamar alƙali, Dada ta shigo ta tsaya bakin ƙofa da hannu a haɓa. Aka mayar da tsofaffin robobi, aka jona. Gunaguni ya dawo. Mama ta karkata kai. "Cikinsa ne. Saura." Aka sassauta faifan baya, aka zare katakon ƙafa, kwalabe suka fara gaisawa, da aka cire wuta ya yi girgizarsa har kwano ya yi tsalle. "Jikinsa ne," in ji Mama. "Ina tari?"

Injiniya ya miƙo hannu ya ce a ba shi cokalin. Nan ido ya raina fata, don cokulan shayina takwas ne, duk iri ɗaya, kyautar biki. Na kwaso su duka. Ya maƙala na farko tsakanin bututu, aka jona wuta. Ƙirrr. Mama ta ce, "Wannan gyare ne." Na biyu ya yi ƙyal ƙyal, ta ce yaro ne. Na uku bai yi kome ba. Na huɗu ya yi wata ƙara da Dada ta ce a'uzubillahi ta ja da baya. Kowane gwaji kuma sai an jira injin ya huce, don Injiniya ya rantse ba zai ƙona shi a kan wasan yara ba. A tsakani aka ɗauke wuta, muka zauna muna kallon juna kusan awa guda, maigida da takardar izini a aljihu. Da wuta ta dawo aka ci gaba har cokali na takwas. Babu wanda Mama ta karɓa. Ta fara lalubar sandarta.

Sai Injiniya ya dafe kai. "Subhanallahi. Madam, cokalin nan a lanƙwashe na ciro shi. Ni na miƙar miki da wuyansa da nake gogewa, kyauta."

Ya jera su a tabarma ya duba wuyan kowanne ta ƙasan tabarau, ya ɗauki ɗaya mai ɗan tabo. Ya lanƙwasa shi kaɗan a gwiwarsa, ya maƙala. Ƙeh. Mama ta ɗaga yatsa. "Ƙara." Ya ƙara. Ƙeh, ƙeh. "Ya kusa. Mura ne wannan, ba taba ba." Zufa na ɗiga daga haɓarsa, ya manta da alƙali da kwamishina, ya kara kunne a jikin ƙarfe yana lanƙwasa cokali da ɗan yatsa kamar mai ɗaure tsirkiyar garaya. Aka cire wuta, aka jira, aka jona.

Ƙehem. Ƙehem.

Sai dogon nishi. Daga bayan katanga muka ji wata mata ta ƙwala kira, an kawo wuta. Mama ta juyo wajensa. Sannan ta buga sandarta a ƙasa.

"Ɗan banza. Kwana uku kana ina? Mutane yana ta wahala a kanka, ko sannu."

Ta sauka daga kan ƙullin kayan, ta ce a mayar da shi wurinsa daidai, kada a kuskure ko taki ɗaya. Ta jira ya sake tari, ta miƙe ba wanda ya riƙe ta, ta bi ta gefen tebur ta fita tsakar gida tiryan-tiryan. Da ta dawo ta sha ruwa kofi biyu, ta ci tuwo, ta ce gishiri ya yi yawa. Wannan karon na ce, "Mama, ai ke kika ce rannan bai ji ba." Ta tsaya da loma a hannu. "A'a! Ashe Amarya yana da baki." Tun daga ranar faɗan ya rabu biyu, rabi nasa, rabi nawa, kuma na samu nawa rabon da ƙari, don ni ina ramawa. Injiniya kuwa ya fita ta ƙofar baya. Shekaru bayan haka in mun haɗu a kasuwa sai ya rage murya ya ce, "Yaya mai tari?"

Likitocin suka zo a kan lokaci. Aka yi wa Mama ido ɗaya, aka ce ɗayan sai baɗi. Ta kwana biyu da bandeji, ranar da aka cire maigida ne ya je da ita, ni ina gida ina girki. Na ji tsayuwar mota, na fito falo da ludayi a hannu. Ta shigo da baƙin tabarau da aka ba ta, ba mai riƙe da ita, tana taka ƙasa a hankali kamar mai shiga ruwa. Ba ta kalli kowa ba. Kai tsaye ta nufi kusurwar, ta ɗaga tabarau, ta tsaya a gabansa. Wani ɗan guntun abu ne, da ƙyar ya kai mata kafaɗa, fentinsa ya koma ruwan ƙwai, tsatsa ta ci gindinsa, ga robar keke ɗaure a ƙugu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta zaga ta leƙa bayansa.

"Kai ne?" ta ce. "Duk wannan murya? Na ɗauka ka kai rufin ɗaki."

Sannan ta juyo. Shekara tara ina auren ɗanta, ranar ta fara ganin fuskata. Ta matso har ina jin numfashinta, ta kama haɓata ta juya ni wajen hasken taga, ta daɗe tana kallo da ido ɗayan nan mai ruwa. Ludayi na ta ɗigar da miya a siminti.

"Ke ma haka," ta ce. "'Yar mitsitsiya. Wannan yaro ba ya ba ki abinci ne?" Ta saki haɓata ta karɓe ludayin daga hannuna. "Zauna. Yau ni zan sa gishiri."